Bakin Daji da Cikin Daji: Tarihin Itatuwa a Ƙasar Bande

Gabatarwa

Matafiyin da ya baro Damagaram ya yi kudu a kan hanyar Magariya, idan ya kusanto Bande a tsakiyar hunturu, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne gawo. An gama girbi, an kwashe kara, hazo ya rufe sama, ƙasa ta yi fari fat, amma ga itatuwan gawo nan kore shar, a warwatse cikin gonaki har iyakar ganin ido. Baƙo zai ɗauka ragowar tsohon daji yake gani. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗannan itatuwa ba su wuce shekara 40 da tsira ba, kuma manoma ne suka raine su da hannunsu a cikin gonakinsu. Dajin da kakanni suka sani ya riga ya tafi tun kafin nan.

Tarihin yadda ya tafi, da yadda itatuwa suka dawo ta wata ƙofa dabam, ya cancanci malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya a kansa, domin akwai abin da ya dawo, akwai kuma abin da har yanzu bai dawo ba. Mabuɗin wannan tarihi kalmomi biyu ne da kowane Bahaushe ya sani: bakin daji da cikin daji.

Zamanin da daji yake da ciki

A ƙarni na 19, yankin da a yau ya zama gundumomin Magariya da Dungas yana tsakanin manyan dauloli biyu. Daga arewa ga Damagaram, wadda ta shimfiɗa ikonta a kan ƙasashen Sosebaki, irin su Dungas da Waca da Miriya, da kuma sarakunan gidan Daura da jihadi ya tarwatsa, waɗanda wani reshensu ya zauna a Magariya. Daga kudu kuwa ga masarautun daular Sakkwato. Hari da ramuwar hari sun sa jama'a sun taru a garuruwa masu ganuwa ko shinge, kowa yana noma iyakar inda zai iya rugowa gida idan an yi kururuwa.

Saboda haka ƙasa ta kasu kashi-kashi. Kusa da gari ga gonakin da ake zuba wa taki ana nomawa kowace shekara. Gaba da su ga saura, wadda wasu ke kira maiso, inda ake barin ƙasa ta huta shekaru. Bayan nan sai daji, wurin maharba da makiyaya da masu neman magani. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a 1851, ya ratsa irin wannan daji da yaƙi ya hana kowa zama a cikinsa. Wato tsoro ne ya tsare daji a wancan zamani, fiye da kowace doka.

Duk da haka akwai doka. Ana ba da labari har gobe cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sanya gawo ƙarƙashin kariyar sarauta, har ya yanke hukunci mai tsananin gaske a kan duk wanda ya sare shi. Wannan labari yana nuna cewa tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar sun san gawo abokin gero ne: yana zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana, ya ba ƙasa taki, sa'an nan ya yi ganye da ƴaƴa da rani, lokacin da dabba ba ta da abin ci. Sunayen garuruwa ma shaida ne a kan matsayin itace a zukatan mutane, tunda Magariya kanta sunan itaciya take ɗauke da shi.

Abin da masana suka gano game da baki

Kafin a ci gaba da tarihi, ya kamata a leƙa wata ƙasa mai nisa. A 1979, masanin halittu Thomas Lovejoy da abokan aikinsa na ƙasar Barazil suka fara wani bincike a arewacin birnin Manaus, cikin kurmin Amazon. Masu kiwon shanu suna sare kurmi, sai aka roƙe su su bar wasu gutsattsari a tsaye, na hekta 1 da na hekta 10 da na hekta 100, aka sa wa itatuwan ciki lamba, ana aunawa shekara da shekaru. Abin da aka gani shi ne, ko ba wanda ya ɗaga gatari, guntun kurmi yana lalacewa daga gefe. Iska mai zafi da hasken rana suna kutsawa, laima tana raguwa, guguwa tana kayar da itatuwa. Lalacewar ta fi tsanani a mita 100 na farko, kuma ana ganin alamarta har zuwa mita 300. William Laurance da abokansa sun bayyana a 1997 cewa wasu wuraren da ke bakin kurmi sun rasa har kashi 36 cikin 100 na nauyin itatuwansu cikin shekara 10 zuwa 17. A shekara ta 2000 kuma suka nuna cewa manyan itatuwa suna mutuwa kusan ninki uku a kusa da baki idan aka kwatanta da can ciki. Inda babban itace ya faɗi, sai masu saurin tsiro da masu yaɗo su cike gurbin. Daga nesa kurmi yana nan kore, amma jama'ar itatuwan da ke cikinsa ta sauya.

Lissafin abin mai sauƙi ne, ɗan firamare ma zai iya yin sa a kan allo. Fili mai kusurwa huɗu na hekta 100 yana da mita 1,000 a kowane gefe. Idan aka cire mita 100 daga kowace fuska, ciki ya rage hekta 64. Na hekta 10 cikinsa bai kai hekta ɗaya da rabi ba. Na hekta 1 kuwa ba shi da ciki sam, domin babu inda mutum zai tsaya a cikinsa ya yi nisan da ya wuce mita 50 daga baki. Ke nan idan aka raba daji ɗaya gida goma, ko da jimillar faɗinsa ba ta ragu sosai ba, an riga an kashe cikinsa. Wani nazari da aka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na dazuzzukan da suka rage a duniya suna cikin tazarar kilomita 1 daga baki.

Sai dai dajin ƙasar Hausa ba kurmin Amazon ba ne. A yankin Magariya ruwan sama ba ya wuce milimita 500 zuwa 600 a yawancin shekaru, itatuwa a buɗe suke, rana da iska sun saba ratsa su. A nan abin da ke shigowa ta baki yana da ƙafafu. Mai neman itacen girki yana fara sara daga inda ya fi kusa da gida. Maƙeri mai neman gawayi da masassaƙi mai neman turmi suna zaɓen kirya mafi kauri da suka fara tararwa. Akuya tana cinye tsiron da ya fito kafin ya yi ƙarfi. Manomin da gonarsa ta yi iyaka da daji yana ƙara kunya biyu ko uku kowace shekara, ba tare da shi kansa ya ga ya yi wani laifi ba. Wutar daji daga gefe take tashi, rairayin da iska ke kwasowa daga gonakin da aka share ma a gefe yake fara taruwa. Hanya ta bambanta, amma sakamako ɗaya ne da na Amazon: manya da masu jinkirin girma su ke fara tafiya, masu jure sara su gaje wurin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda baki ya yawaita

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Ingila a 1904 da 1906 suka tsaida iyaka, ayarin Tilho kuma ya bi ta yana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, aka raba ƙasar Daura da ta Magariya tsakanin mulki biyu. Da hare-hare suka ƙare, tsoron da ya tsare daji ya ƙare tare da su. Mutane suka fita daga ganuwa, suka kafa ƙauyuka da tungaye a inda a da maharbi kaɗai ke kwana. Kowane sabon ƙauye rami ne a tsakiyar daji, kowace sabuwar hanya tsaga ce, kuma kowane rami da kowace tsaga suna zuwa da nasu baki.

Haraji ya ƙara wa abin gudu. Sai da kuɗi ake biyan sa, kuɗi kuwa gyaɗa ke kawo su. Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin gyaɗa na Nijar, kuma bayan samun ƴancin kai a 1960 aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta da fitar da ita. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba a kayan da ƙasa ke sayarwa waje, kafin yuraniyom ya karɓe wannan matsayi. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture domin garmar shanu ta wuce. Saura ta gajarce, daga baya ta ɓace a wurare da yawa. Jama'a kuma tana ta ƙaruwa: a ƙidayar 2012 gundumar Magariya ta haura mutum 570,000, ta Dungas, wadda aka cire daga cikinta a 2011, ta haura 350,000, ƙaramar hukumar Bande kaɗai kuwa ta wuce 100,000. A irin wannan cunkoso, abin da ya rage na daji bai wuce ƴan tsibirai ba: maƙabarta, burtali, bakin tafki, tudun da ba ya nomuwa, da kwarin Korama inda goriba ke tsaye a gefen gonakin rake. Dukansu baki ne, ba su da ciki.

Dokar da ta raba manomi da itace

Turawan mulki sun lura da raguwar itatuwa, amma sun yi saɓani a kan dalili. A 1935 wani masanin daji Baturen Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa. Wannan ya sa Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937, cikinsa har da André Aubréville, wanda daga baya, a 1949, ya yaɗa kalmar da ake fassarawa da kwararowar hamada. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya ba. Abin da ya gani shi ne sara da ƙuna da sharar gona, wato ɓarnar da ke tasowa daga cikin ƙasa.

Maganin da hukuma ta zaɓa shi ne dokar 4 ga Yuli 1935, wadda ta tsara sha'anin daji a duk Afirka ta Yamma ta Faransa. Dokar ta mayar da dajin da aka ce ba shi da mai shi hannun gwamnati, ta buɗe hanyar keɓe gandun daji, ta kuma jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Dokar Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu. A takarda kariya ce. A gona kuwa ma'anarta ita ce, gawon da ya tsiro a gonar mutum ba nasa ba ne, idan ya sare reshe ɗan gandun daji zai iya cin sa tara. Manomi mai hankali sai ya ga gara ya cire tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana.

Gandun dajin da aka keɓe ma bai tsira ba. An zana masa iyaka, an bar shi tsibiri a tsakiyar gonaki, an kuma mai da maƙwabtansa baƙi a gare shi. Gandun Takeita, a yammacin Damagaram, mai hekta 6,720, misali ne. Da a ce kusurwa huɗu ne daidai, kowane gefe zai ɗan haura kilomita 8, kuma zoben kilomita 1 da ke kewaye da shi, wanda bai fi tafiyar ƴan mintoci ga mai jaki ba, zai cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na faɗinsa. Gandun ya lalace ƙwarai, har sai da aka sake dabara tsakanin 1995 da 2000, lokacin da ƙungiyar SOS Sahel ta taimaka aka damƙa kula da shi ga wata ƙungiyar manoma da makiyayan yankin mai suna Ku Tayani. Darasin a fili yake: mutanen da ke zaune a baki su ne ke iya cinye daji, su ne kuma kaɗai ke iya tsare shi.

Fari da dawowar gawo

Farin 1968 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa, cutar gyaɗa ta 1975 ta karya nomanta, sa'an nan yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari, ta zo ta tarar da ƙasa tsirara. Manoman kudancin Damagaram sun shaida wa masu bincike cewa a waɗannan shekaru sai mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu, domin iska tana kwaso rairayi ta yanke tsiron gero ko ta binne shi. Gona kanta ta zama baki, babu abin da ke tare mata iska.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙari. Daga 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, a 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An dasa dogon yaro da yawa, amma dashe a fili yana da tsada kuma kaɗan ke rayuwa. Abin da ya sauya fuskar ƙasa ya fito ne daga gona. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya ja hankalin manoma ga kututturan da ke da rai a ƙarƙashin ƙasa: a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a rage sauran, a bar su su girma. Wannan shi ne sassaben zamani. A kudancin Damagaram kuwa, inda al'adar girmama gawo ba ta mutu ba, manoma da kansu suka shiga barin ƴaƴan gawon da suka tsiro daga kashin dabbobi, maƙwabci yana koyi da maƙwabci. Rauni da hukuma ta yi a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 ya rage yawon ƴan gandun daji, sa'an nan tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka fara amincewa da haƙƙin mai gona, har aka fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani a 2020.

A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka ƙiyasta cewa a gundumomin Magariya da Matamai da Miriya wannan farfaɗowa ta shafi kimanin hekta miliyan 1, mafi yawanta gawo. Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya gwada hotunan sama na 1975 da na 2005, ya ga itatuwa sun ninka a wurare da dama duk da ƙaruwar jama'a. Ƙiyasin da aka yi wa Nijar baki ɗaya a 2009 ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Mata sun sami itacen girki kusa da gida, dabbobi sun sami ƴaƴan gawo da rani, shuka ta daina mutuwa a bakin iska.

Abin da bai dawo ba

Yawan itace dabam, yawan iri dabam. Waɗanda suka dawo su ne masu toho daga kututture, kamar sabara da kalgo da taramniya, da waɗanda dabba ke yaɗa irinsu, kamar gawo da aduwa da magarya. Waɗannan su ne ainihin jama'ar baki. Na ciki kuwa, irin su kirya da marke da kaɗanya da ɗorawa da ɗinya da kanya, suna da jinkirin girma, suna son ruwa fiye da haka, kuma raguwar damina ta shekarun 1970 da 1980 ta same su a daidai lokacin da gatari ya fi matsa musu. Inda suka rage, sau da yawa tsofaffi ne a tsaye ɗai-ɗai, babu ƴaƴa a ƙarƙashinsu. Wasu ma suna bukatar abokan zama: jemage ne ke ɗaukar wa ɗorawa da kuka garin fure daga wannan itace zuwa wancan, saboda haka idan tazara ta yi yawa, haihuwa takan ragu. An ga irin wannan a tsakiyar Senegal, inda binciken Stefanie Herrmann da Tappan na 2013 ya nuna ƙasa ta ƙara kore amma ire-iren itatuwanta sun ragu.

Asarar ba ta tsaya ga masana ba. Ɗorawa ita ce kalwa da daddawa da makuba. Kaɗanya ita ce man kaɗe. Kirya ita ce turmi da taɓarya da gawayin maƙera. Idan itace ya ɓace daga ƙasar gari, sana'arsa takan bi shi, sunansa ya koma baƙo a kunnen yara, karin maganar da aka gina a kansa ta zama sai an yi mata bayani. Makiyayi ma yana da nasa kuka, domin itatuwan da suka dawo suna cikin gonakin masu su, dajin kowa da kowa da ya saba kiwo a ciki kuwa ya ƙanƙance zuwa burtali, burtalin ma ana cin sa daga gefe.

Kammalawa

Tarihin ƙasar Bande ya nuna daji yana ƙarewa kamar yadda tabarma ke ƙarewa, daga baki, zare bayan zare, ba tare da an ga ranar da ta mutu ba. Ya kuma nuna manomin da ya tabbata itace nasa ne yana iya yin abin da doka da tara suka kasa. Aikin da ya rage ya fi na farko wuya, domin gawo yana taimakon kansa, kirya da ɗorawa kuwa sai an nemo iri, an shuka, an yi shinge, an jira shekarun da wanda ya shuka ba lalle ya ci amfaninsu ba.

A nan ne malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da rawar takawa. Kowace makaranta tana iya aika ɗalibanta wurin dattawa maza da mata, su rubuto sunayen itatuwan da suka sani a ƙuruciyarsu da inda suke, a gwada da waɗanda ke tsaye yau. Tsofaffin itatuwan da suka rage a maƙabarta da bakin tafki da gefen burtali su ne rumbun iri na ƙarshe, ya kamata a san su ɗaya bayan ɗaya, a tara ƴaƴansu, a raine su a farfajiyar makaranta. Guntun dajin da ya rage kuma a kewaye shi da sassaben zamani, domin gonar da ke da nata itace tana rage wa daji nauyin gatari da na iska. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka sai an zauna da mai gari da mai gona da mai garke. Dattawan da suka san dajin nan tun yana da ciki suna raguwa kowace shekara, kuma su kaɗai ne za su iya nuna wa yara inda kowace itaciya ta taɓa tsayawa.